Barmo da kunnen Baba Dodo

Sai hantsi ya ɗaga Barmo yake buɗe rumfarsa da ke bayan tashar Tanut. Ya ce wanda ya kawo radiyo da sassafe ba gyara yake nema ba, faɗa ya kwana da shi. Yakan ɗage labulen buhu, ya share tebur, ya jera turnabis na kwance noti da ƙarfen liƙa dalma, sannan ya zauna da shayinsa yana harar kayan da aka bar masa jiya kamar masu laifi. Ba ya taɓa na'ura sai ya yi wa mai ita tambayoyi. Wa ya kunna ta daga ƙarshe? Da wutar kuran take aiki ko da batir? Ta faɗi? In aka rantse masa ba ta faɗi ba, sai ya juya ta ya ɗora yatsa a kusurwar da ta lotse. Da azahar ya rufe. Da la'asar ya rataya jaka ya shiga gari, domin rabin aikinsa a ɗakunan mutane yake. Ran kasuwa kuwa a Belbeji ko Ollelewa za ka same shi, zaune a gindin wata katanga, jama'a sun kewaye shi da matattun radiyoyi.

Ni Abdulgafar ba na cikin masu yabo, gara in faɗa tun yanzu. A ma'aikatar kiwo na yi aikina har na ajiye, ina duba nama a mahauta. Mahauci ya rantse mini saniya lafiyarta ƙalau, in ce to, buɗe huhun in gani. Halin ya bi ni gida, har matata takan ce ko gaisuwa aka yi mini sai na juya ta na duba bayanta. Masu gyara kuwa su na fi zarga a duniya, don ka kai musu abu da ciwo ɗaya ka karɓo shi da uku. To da na ji Barmo zai rufe rumfa bayan kaka ya koma gonarsa a Gangara, saboda hannunsa ya fara rawa, sai na ga in za a yabe shi gara mai zargi ya yi. Duk abin da zan faɗa, ko na gani da idona, ko na je na titsiye wanda ya gani.

Radiyo da tele kowa na taɓawa, amma abin da aka san Barmo da shi shi ne ampili, akwatin nan mai nauyi da ke karɓar sauti daga na'urar faifai ya raba wa lasifikoki. Mu nan muna da wata ɗabi'a. Mutum ya sayi lasifika manya da ƙanana, sai ya tula su duka a kan tele kamar jeren amarya, ya rufe su da ƙyalle mai ado don baƙo ya gani, sannan ya zo yana ƙorafi sauti ya cakuɗe. Barmo ya ƙare ƙuruciyarsa yana yaƙi da wannan jeren. Ya shiga ɗaki ya tafa hannu, ya karkata kai, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya tambayi mai gida inda yake zama. Magidanta da yawa sun yi masa kallon banza a kan haka, har da masu cewa me mai gyara yake nema a ɗakin mutane.

Fatu mai abinci ta ce mini nata ampilin zuza yake yi duk lokacin da ganga ta buga, an ce mata ya mutu. Barmo ya zo ya zauna ya saurara, ya tashi ya wuce ampilin, ya buɗe kabad ɗinta, ya sa tsumma tsakanin kwanukan da ta jera. Zuzar ta ɗauke. Ban yarda ba sai da na sa ta ta zare tsumman a gabana, kwanuka suka ci gaba da waƙarsu.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a gidan Baba Dodo.

Baba Dodo tsohon direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, ya yi zamaninsa tsakanin Damagaram da Agadas da Arlit. A hanya ya tsinci Faransanci, a gidajen silima na can kuma ya kamu da son fim ɗin kaboyi. Idonsa a hankali ya tafi. Yau ya gani, gobe hazo, jibi ya ɗan gani, kuma duk wannan lokaci iyalinsa suna ce masa ba komai, zai washe, alhali likita ya riga ya gaya musu gaskiya. Da duhun ya rufe gaba ɗaya ya gane an ɓoye masa, kuma abin bai bar zuciyarsa ba. Tun daga nan kunne ya zame masa ido. Yana da tsohon ampili da ya sayo tun yana tuƙi, mai manyan maɓallai da ake murɗawa, ya san kowane da yatsa. Kullum bayan azahar zai zauna a tabarma a saka masa faifai, ya bi fim da kunne, yana gaya wa duk wanda ke kusa wane ne munafuki tun kafin masu ido su gane.

Bara da bazara gefe ɗaya na ampilin ya fara shaƙewa. Aka kai wa Barmo, ya gyara, aka dawo da shi. A makon ne kuma Zuhaira, ƴar Baba da ke aure a Yamai, ta aiko masa da sabuwar na'urar faifai da faifan kaboyi masu kyau. Babban ɗansa Lawali, mai sayar da hatsi a kasuwa, ya haɗa wayoyi ya kunna. Kiɗa ya fito tas. Kofaton dawaki ya fito, harbi ya fito har ƙofa na girgiza. Maganar mutane ce babu. Bakuna suna motsi a tele, muryar kuwa can ƙasa-ƙasa kamar daga cikin rijiya. Abin da ya ƙara dagula lamarin, in aka saka faifan wa'azi ko fim ɗin Hausa, sai magana ta fito lafiya lau.

Yau ya ji, gobe bai ji ba. Baba Dodo ya san wannan hanyar, ya taɓa bin ta.

Matarsa, Inna Rahamatu, ta ce masa, "Malam, wallahi mu ma ba mu jin maganar. Na'urar ce."

Ya ce, "Haka kuka ce lokacin ido."

Lawali ya durƙusa ya ce, "Baba, ga shi kana jin mu sarai."

"Ina jin ku don kun fara ɗaga murya. Kuna tsammani ban lura ba? Ku dai faɗa mini gaskiya sau ɗaya a rayuwarku. Kunnen ma tafiya zai yi?"

Ba rantsuwar da ba su yi ba. Kowace rantsuwa ƙara masa tabbaci take yi. Ya ce a kashe na'urar, kada a sake kunnawa. Ya daina fitowa zaure, ya juya fuska bango, tuwo sai ya taɓa ya ture. Inna Rahamatu ta ce mini abin da ya fi tsorata ta shi ne ranar da ta ji shi yana kaɗa yatsu a gefen kunnensa shi kaɗai, dama da hagu, yana gwadawa. Mutumin da ba ya gani, in ya sakankance ji ma zai ƙwace masa, me ya rage masa a duniya? Tsohon yana narkewa a gabansu.

Lawali kuwa ya samo nasa mai laifin. A teburin mai shayi, gaban jama'a, ya ce Barmo ya zare abin magana daga cikin ampilin ya sa wa wani. Kafin a kai masa ana ji, da ya dawo ba a ji, sai me kuma? Ya ce Barmo kada ya sake taka ƙofarsu, kuma zai yar da tsohon akwatin ya sayo sabo daga Damagaram, irin mai santsin fuska da babu abin murɗawa. Ina wurin. Maganar ta zauna a kaina daidai, don na ga masu gyara sun yi abin da ya fi haka. Kafin la'asar maganar ta kai tasha, kuma mutum biyu suka je suka karɓe kayansu daga rumfar ba a gyara ba.

Inna Rahamatu ce ta yafa mayafi da rana tsaka ta je rumfar da ƙafarta. Barmo ya shimfiɗa mata buhu, suka gaisa.

Ta ce, "Barmo, ban zo neman gaskiyar kowa ba. In ka ɗauka, ka mayar, ba wanda zai ji daga bakina. Malam ba ya cin abinci."

Ita ce ta ba ni labarin daga baya. Ta ɗauka zai yi fushi ko ya yi rantsuwa. Sai ya ce, "Inna, ban da ampilin, me ya shiga ɗakin nan a makon?"

"Sai na'urar da yarinyar ta aiko."

"Duk faifan ne ba a jin magana, ko wasu?"

"Na Yamai ne. Na wa'azi ana ji."

Ya ce ta koma gida, yana tafe da la'asar. Daga nan bai zarce ko'ina ba sai ƙofar gidana.

Ya ce, "Malam Abdulgafar, kai nake so ka raka ni, don duk Tanut an san ba ka yarda da kowa. In na shiga da jaka aka ji magana, za a ce na mayar da abin da na sata. Shi kuma tsohon zai ce an haɗa baki. Ka caje ni a ƙofar gida, gaban Lawali."

Na caje shi kuwa, kuma ba cajin kunya ba. Na laluba aljihun riga da na wando, na sa ya cire hula, na duba takalmi. Goro na samu da carbi. Lawali yana tsaye a zaure fuska a murtuke, ya ce ba don Inna ba da ba a shiga.  Barmo ya naɗe hannun riga, ya harɗe hannuwansa a baya, muka shiga.

Baba Dodo yana kwance, fuska a bango. Ya amsa sallama ciki-ciki, ya ce, "An ɗauko ka ka yi mini wasan kwaikwayo ko, Barmo?"

"Baba, yau ko allura ban shigo da ita ba. Ga Malam Abdulgafar nan, ka san halinsa."

Na ce, "Na caje shi, Baba. Ba komai."

Ya ce, "Uhm."

Barmo ya sunkuya bayan sabuwar na'urar, hannu a baya, ya leƙa. Ramukan waya ne reras, biyu kawai aka cusa wa waya, ja da fara. Ya kira Lawali ya nuna masa da haɓa.

"Ka ga faifan nan na Yamai, sauti gida-gida suka raba shi. Kiɗa da ƙofarsa, harbi da tasa, maganar mutane ita ma da tata daban. Na'urar tana turo maganar ta wannan ramin da ba waya, tana zubewa a banza. Ampilin Baba kuwa ɗan da ne, ƙofa biyu ya sani. Sai a ce wa na'urar ta haɗa komai ta turo ta biyun nan, shi ya san yadda zai raba abinsa. Ɗauki telekomand ɗin sarrafa na'urar, kai za ka danna."

Lawali ya ɗauka yana harararsa. Kafin a kunna, Barmo ya sa shi ya rushe jeren lasifikokin da ke kan tele. Ƙaramar lasifikar da ke ɗaukar magana aka kifa turmi aka ɗora ta a gaban tabarma, daidai kunnen mutumin da ke zaune. Biyu aka raba dama da hagu. Ƙanana biyu aka rataye a bayan tabarmar, a ƙusoshin da ake rataye kaya. Babbar mai gurnani aka janye ta daga jikin ƙofar ƙarfe. Duk da baki ya yi wannan aikin, ina bin hannuwansa da ido, ba su bar bayansa ba. Sannan ya ce wa Lawali shiga nan, sauka ƙasa, zaɓi wancan, danna.

Aka saka faifai. Wani mutum ya buɗe baki a tele, muryarsa ta fito cikin ɗakin ɓaro-ɓaro.

Lawali ya ce, "Baba! Ka ji?"

Tsohon bai ko motsa ba. Ya ce, "Na ji kun ƙure murya. Kurma ma a yi masa haka zai ji."

 Na'ura ta gyaru, amma ba ita aka zo ceto ba. Da ni ne da na fara rantse-rantse kamar sauran. Barmo ya durƙusa kusa da tabarmar ya yi magana a hankali, a hankali ƙwarai, yadda ni da ke tsaye sai da na kasa kunne.

"Baba, kada ka yarda da ni. Kada ka yarda da kowa a ɗakin nan. Ampilinka ne, yau ban taɓa shi ba. Tashi ka ɗora hannunka."

 Sai tsohon ya tashi zaune, ya laluba, yatsunsa suka sami babban maɓallin. Ya shafa shi da babban yatsa, ya tsaya.

Barmo ya ce, "A ina kake ajiye shi da can, lokacin da kake ji lafiya?"

"Nan. Inda yake."

"To rage."

Ya murɗa baya.

"Ƙara ragewa."

Ya ƙara. Sautin ya yi ƙasa har na daina rarrabe kalmomi, ni da nake jin Faransancin lakwal, na makarantar boko. Lawali ya karkata kai yana yamutsa fuska. A tele mutum biyu ne a bakin wata rijiya, ɗaya ya matso yana yi wa ɗaya raɗa.

Barmo ya ce, "Ni ba na jin Faransanci, Baba. Me yake ce masa?"

 Hannun tsohon na kan maɓallin. Sai ya ce, kamar mai magana da kansa, "Cewa yake kada ka sha ruwan nan. Ka dubi dawaki, sun ƙi sha."

Na rarrafa har gaban turmin, na sa Lawali ya mayar da wurin baya, na manna kunnena a lasifikar. Haka mutumin ya faɗa, kalma da kalma. Na ce, "Baba, ni sai da na sa kunne a jikinta na ji. Kai daga tabarma ka ji."

 A fim ɗin wani mahayi ya taho a guje, kofaton ya fito ta lasifikokin baya, sai ga Baba Dodo ya sunkuyar da kai ya kauce gefe, har hularsa ta faɗi. Ya zauna haka, baki a buɗe. Sannan ya juya fuskarsa wajen ƙofa, inda ba wanda ya kula.

Ya ce, "Ke mai kuka a bakin ƙofa, tun ɗazu nake jin ki. Shigo mana."

Muka waiga. Inna Rahamatu ce a rakuɓe bayan labule, ta toshe baki da mayafi. Mu uku masu ido da kunne, ba wanda ya san tana wurin. Ni da ban cika kuka ba, ranar sai da na fita tsakar gida na tsaya ina kallon akuya.

Kada wani ya ce na gyara labari. Lawali bai ba da haƙuri ba, har yau in an tayar da maganar yakan ce wa ya sani. Cikin mutum biyun da suka karɓe kayansu, ɗaya bai dawo ba. Da na ce wa Barmo ya kamata a tara mutane a wanke shi, sai ya ce, "Tsohon yana cin tuwo?" Na ce yana ci. Ya ce to a bar maganar. Abu ɗaya ya roƙa, kada a raba Baba da tsohon ampilinsa, don sabo mai santsin fuska makaho ba shi da abin kamawa a jikinsa. Wannan kam Lawali ya ji.

Barmo, kai ne aka kira ɓarawo da safe, ka shiga gidan da la'asar hannu a baya. Kai ne ka gane tsohon ba zai yarda da bakin kowa ba, ka bar shi ya yarda da yatsansa. Na yi shekaru ina tsammani zargi shi ne ka ƙi yarda da mutane. A wurinka na ga wani irinsa, na mai zargin waya da rami da jeren lasifika, mai tambaya har sai ya kai ga inda ciwon yake. Mai kunnen ƙasarmu ta Damargu, na gode. Na gode a madadin Inna Rahamatu, da Fatu, da duk wanda ka zauna a tabarmarsa ka saurari ɗakinsa. Allah ya ba hannunka lafiya, ya sa gero ya yi maka kyau a Gangara.

Ku kuma masu rumfunan gyara da suka cika bakin tasha yanzu, ga aiki an bar muku. Kafin ku ce abu ya mutu a sayi sabo, ku tambayi me ya shiga ɗakin, ku je ku ga inda mai shi yake zama, ku san wane ne zai saurara. Ku je rumfar Barmo kafin kaka ku zauna ku yi shiru, ba zai kore ku ba, zai dai harare ku.

Shekaranjiya na bi ta gidan Baba Dodo ba tare da sanarwa ba, don in ga ko abin ya ɗore. Tun daga zaure na jiyo dawaki. Yana zaune a tabarma, maƙwabta biyu a gefensa, yana fassara musu. Na gaya masa Barmo zai rufe rumfa ya koma ƙauye, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya rage sautin da yatsansa.

Ya ce, "Ka gaya masa ina ji."